Damin Geron da Ya Cinye Mana Fadama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Habibu, a masaukinsa na Kano, kafin jirgi ya ɗaga da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a sama, Ya tsare ka a ƙasa, Ya tsare ka a kan ruwa, tunda an ce ƙasar da za ka ruwa ne ya kewaye ta ta ko'ina. Innarka tana gaishe ka. Yayarka ce ke riƙe da biro, takanas ta taso daga Kazaure, kuma na gaya mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Idan ka ga magana ta yi laushi a wani wuri, hannunta ne.

Mun rabu ba daɗi. Ranar da ka zauna gabana a gindin marke bayan la'asar kana ba ni labarin mutanen Filifin, ƙasar da za ka, na miƙe na kaɗe riga na bar ka da magana a baki. Ka ɗauka tsohon da bai taɓa shiga aji ba ne ya kasa ganewa. Na gane sarai. Bari in maimaita maka ka ji ko na riƙe.

Ka ce Turawan Sifaniya sun daɗe suna mulkinsu, tun kakannin kakanni. Ka ce manyan gonaki suna hannun limaman cocin Turawan, 'yan ƙasa suna noma suna kai musu rabo. Sai wasu samari, 'ya'yan masu hali, suka tafi can Sifaniyar karatu, suka kafa jarida. Ba su ce Bature ya tattara ya tafi ba. Cewa suka yi a daidaita su da shi a gaban shari'a, a ba su kujera a majalisarsa, a bar su su faɗi abin da ke ransu, a bar 'yan ƙasa su yi limancin garuruwansu. Ba su ɗauki ko wuƙar yankan farce ba. Ka ce a cikinsu akwai wani likitan ido, wanda ya koyi aikin saboda idon uwarsa yana dushewa. Shi yana can yana rubutu, a gida aka kori iyayensa daga gonar da suke nomawa, aka fitar da su daga gidansu. Jaridar ta mutu don babu mai riƙe ta. Wasu daga cikinsu tari ya kashe su a ƙasar mutane cikin talauci. Likitan ya koma gida, aka kai shi wani lungu aka ajiye, daga baya aka tsayar da shi a fili aka harbe.

Kai da kake ba da labarin idonka ƙyalli yake yi. Ni kuwa tun daga inda ka ce an kori iyayensa kunnena ya tsaya. A labarin nan kai ka zaɓi zama likitan. Ni ba a tambaye ni ba, amma na san ko wane ne ni a ciki.

Don ka gaya mini kai da abokanka na Roni da Gwiwa da Babura kun yi shawara, in kun isa can inda hannu ba ya kaiwa, za ku riƙa rubutu a waya kan fadamun da ake karɓewa a hannun talakawa. Abin da ba ka sani ba, maganar ta riga ka isa kunnen Injiniya, ɗan marigayi Alhaji Sambo, kuma kafin ka zauna gabana ya riga ya aiko mini. Saƙon gajere ne: a tuna wa Baba Idi gonar tudun da yake nomawa aro ce. Gonar nan ita ce tuwonmu. Ba mu da wata. Shi ya sa na tashi.

Ka girma kana ganina duk kaka ina ɗora damin gero a keke ina kaiwa ƙofar gidansu. Ba ka taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Yau zan faɗa, da inda na yi wauta a ciki, don kada ka je ka maimaita ta da Turanci.

Gonar nan, tun daga tudu har gangare zuwa bakin rafi, kakanka Audu ne ya sare ta. Daji ne, ƙaya da duwatsu. Ya nemi izinin mai gari na wancan zamani kamar yadda kowa ke yi, aka ce ya je ya sara. A tudu muna gero da dawa, a fadama muna shinkafa. Ban taɓa ganin kakanka ya kai wa wani ko zangarniya ɗaya da sunan gona ba. Haka muka gada. Sai bayan da aka yanke Jigawa daga Kano, hanya ta matso, injin ban-ruwa ya shigo, fadamar da ake raina wa mai ita saboda sauro ta zama abin so. Wata safiya muka tarar da turaka an kafa a gindin shinkafarmu, mu da maƙwabtanmu na bakin rafi. Aka ce Alhaji Sambo ne. Shi jikan mai garin nan ne na da, kuma wai kakansa aro ya ba iyayenmu.

Na ce wannan ai rashin sani ne, in aka zauna za a gane. Na yi wanka na sa rigar Juma'a. To kai ma ka san ba a zuwa gidan babba hannu rabbana. Kaka ce, abin da ke gabana gero ne. Na zaɓi dami mai kyau na ɗora a keke. Alhaji ya fito da fara'a, ya kira sunana tun daga nesa. Ya ce, "Idi, ai da ba ka wahalar da kanka ba. A jingine shi nan ƙofa." Aka jingine shi a bangon waje inda duk mai wucewa masallaci zai gani. Aka kawo mini fura da nono mai sanyi. Na faɗi abin da ya kawo ni, ya saurara har ƙarshe, ya ce za a duba, zumunci ya fi gona.

Na koma gida ina yabonsa a wurin Innarka. Turaka ba su tashi ba. Kaka ta zagayo na sake zuwa tuni, da dami. Ta sake zagayowa, haka. Kullum fura, kullum za a duba, kullum a jingine a ƙofa. Ni a raina gaisuwa nake kaiwa don bakina ya samu shiga. Ban taɓa tsayawa na ce, to wai shi mai aron gona me yake kaiwa duk kaka? Dami yake kaiwa. Irin wanda nake kaiwa, a lokacin da nake kaiwa, zuwa ƙofar da nake kaiwa. Da ƙafata da kekena nake tara masa shaida, yana biyana da fura.

Wannan ita ce wautata ta farko, kuma ita ce babba. Da kake cewa samarin Filifin sun roƙi a mai da ƙasarsu wani yanki na Sifaniya, a ba su kujera a majalisar can, damina na gani a jingine. Wanda ya ce a ba shi wurin zama a zauren wani ya riga ya yarda zauren na wanin ne. Ban ce mutanen banza ba ne. Na san yadda mutum ke yin wannan da zuciya fara. Amma kai, duk abin da za ka ɗauka zuwa ƙofar mai ƙarfi, ko kalma ce, ka tsaya ka tambayi kanka da wane suna za a kira ta bayan ka juya baya. In ka rubuta "a taimaka mana", to ka sani an ji ka ce ba naku ba ne.

Da na ga fura ba ta cire turaka, sai muka haɗu mu masu gonakin bakin rafi muka je wurin Malam Garba, hedimastan firamarenmu na lokacin. Ba ka san shi da ƙarfinsa ba. Mutum ne mai kirki, ba ya tsoro, kuma ba mu ba shi komai ba. Ya ce abu ne na takarda, a bi doka, kada kowa ya taɓa turke. Ya rubuta mana ƙorafi da Turanci, muka dangwala yatsa. Ya sake rubuta wani. Har Dutse muka je ni da shi a motar haya, muka shiga wani ofis. Ko in ce ya shiga. Ni aka nuna mini benci a baranda, ya ba ni lemarsa in riƙe masa. Ina jiyo su ta taga suna ta Turanci, can sai na ji an yi dariya, har da muryarsa. Da ya fito na ce, Malam, me aka ce? Ya ce an karɓa, za a duba. Na ce dariyar fa? Ya ce ba komai, ashe mutumin ajinsu ɗaya a kwaleji.

Gonar ubana ake magana a kai, ni ina waje ina gadin lema. Ba na zargin Malam Garba da cin amana. Bai jima ba aka ɗauke shi aka jefa wata makaranta can bakin iyaka, inda alli ma da sefa ake saye, ya bar iyalinsa a nan. Ya sha nasa. Amma wautata ta biyu ita ce na yarda a yi maganata da harshen da ba na ji. Ban san ko ya faɗi cewa kakanka ya rasa ɗan yatsa wajen fasa duwatsun gonar nan ba. Ban san ko ya ce haƙƙi ko ya ce alfarma ba. Sauran maƙwabta kuwa, da yake ba su taɓa jin abin da aka rubuta da sunansu ba, ba su taɓa jin faɗan nasu ne ba. Faɗan Malam ne da takardunsa.

Ka ce mini jaridar samarin nan da harshen Sifaniya ake buga ta, kuma a ɓoye take shiga ƙasarsu. To manomin da ake kora, wa ya karanta masa? Ku ma na ji yayarka na cewa da Turanci kuke shirin yi, don duniya ta gani. Duniya ba ta san Unguwar Marke ba, kuma in ta gani za ta wuce. Ka rubuta yadda in aka karanta wa Innarka za ta ce haka ne, ko ta ce ƙarya kake. Kada ka bar kowa a baranda.

Ta uku ita ce Tanko. A nan yayarka ta ɗago kai ta dube ni, don ta san ba na son a ambace shi. Rubuta.

Tanko shi ne maƙwabcina na iyaka, ya girme ni, tare da kakanka suka yi noma. Duk garin nan shi ne ya fi kowa sanin cewa gidanmu ba ya kai dami a da. Da abin ya yi tsawo, Alhaji ya fara kiran mutane ɗai-ɗai. Ya ce duk wanda ya sakar masa fadama zai bar masa tudu ya ci gaba da noma. Tanko ne ya fara karɓa. Matarsa tana kwance, 'ya'ya cike da gida, ya gaji. Ya zo har zaurena ya gaya mini da bakinsa, kansa a ƙasa. Na bar shi ya tafi. Na jira ranar Juma'a, an sallame ana neman takalma, na ɗaga murya na ce a ba bawan Sambo hanya ya wuce. Ya ɗauki takalmansa a hannu ya tafi, bai ko saka ba. Da aka ɗaura auren 'yarsa ban je ba, na hana Innarka zuwa. Sauran da suka bi bayansa su ma na ba kowa nasa sunan.

Da magana ta kai gaban alƙali ni kaɗai na rage. Alƙali ya tambaye ni, "Malam Idi, kana kai dami gidan nan duk kaka?"

Na ce, "Ina kaiwa, Allah Ya gafarta Malam, amma gaisuwa ce."

Aka kira masu wucewa masallaci, kowa ya ce ya sha gani a jingine, kuma ba su yi ƙarya ba. Alƙali ya ce to akwai wanda zai shaida cewa mahaifinka ba ya kaiwa? Na waiwaya. Tanko yana zaune a baya. Aka ce ya taso. Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Ni tsufa ya kama ni, ban iya tuna abin da ya wuce."

Shi ke nan. Fadama ta tafi. Aka ce saboda mutunci a bar mini tudu, aro, bisa sharaɗin dami duk kaka kamar yadda na saba. Kamar yadda na saba, Habibu. Haka aka faɗa.

Har gobe ban ce Tanko ya yi daidai ba, kuma ya riga mu gidan gaskiya, ya je ya tarar da abin da ya faɗa. Amma ni na kai shi can. Mutum ya zo zaurenka ya sunkuyar da kai, ka tozarta shi a ƙofar masallaci, sannan ka sa ran zai tsaya maka a gaban mai ƙarfi. Ka ce su ma mutanenka na Filifin sun ɓata a tsakaninsu kan wanda zai shugabance su, har likitan ya janye hannu daga jaridar. Ban yi mamaki ba. Abokan nan naka, wani za a ba shi aiki a Dutse ya yi shiru, wani uwarsa za ta yi masa kuka a waya. Za ka ji kamar ka tona su a gaban jama'a, kuma da waya abin ya fi ƙofar masallaci sauƙi. Ka danne. Ka bar wa wanda ya gaji ƙofar da zai dawo ta ciki. Halina ne a jikinka, na sani, tun kana ƙarami in ka ƙi abu sai dai a kashe ka. Halin nan yana da amfani a gaban Injiniya. A kan abokinka ba shi da shi.

Akwai wani abu da ban san ko in sa shi cikin wauta ba. Baffanka Musa, ƙanena, da ba ka taɓa gani ba. Ranar da aka dawo daga shari'a ya ce shi ba zai kwana da wannan ba. Ya tara samari, suka ce za su tumɓuke turaka su cinna wa rumfar injin ban-ruwa wuta. Na tare ƙofar gida na ce sai dai su bi ta kaina. Ya ce, "Yaya, ka yi ta kai musu gero har ka mutu." Na mare shi a gaban yaransa. Bai rama ba. Da kaka ta wuce ya tafi ci-rani Kudu, kuma bai sake taka garin nan ba. Sai labarin rasuwarsa muka ji.

Wata rana in na ga shinkafar Injiniya ta yi kore shar a inda aka binne cibiyata, sai in ce da na bar shi. Wata rana kuma in tuna akwai mai gadi da ke kwana a rumfar nan, talaka ne irina, da iyali. Da ya ƙone fa? Da samarin nan sun ƙare a kurkuku, fadamar kuma tana nan a hannun mai ita na yanzu. Kai da kanka ka ce bayan masu alƙalami sun gaza wasu sun ɗauki adda da bindiga, jini ya zuba, ƙarshe Sifaniya ta sayar da ƙasar ga Amurka, da mutanen da gonakin da kaburburan. To ka ga ba ni da labari mai daɗi a kowane ɓangare. Abin da zan ce maka kawai, kada ka zauna a ɗaki mai fanka a bayan teku ka rubuta abin da zai sa ɗan wani ya ɗauki ashana a nan. In wuta ta tashi ba kai za ta ci ba.

Abin dariya, wai noman shinkafa za ka koyo. An ɗauki ɗan mutumin da aka raba da fadamarsa za a kai shi ƙarshen duniya ya koyi shinkafa. Da aka fara gaya mini sai da na tambaya ko zolayata ake yi. To ka koya da kyau. Ka riƙe sallarka ko kai kaɗai ne a garin, ka tambayi abin da ke cikin tukunya kafin ka sa hannu. Kada ka shiga rigimar masu gida. In sun kai ka filin da aka harbe likitan, na ji ka ce sun gina masa abin tunawa, ka tsaya ka nuna ladabi, mutum ne da bai gudu ba. Amma daga nan ka nemi mota ka je garin su likitan. Ka sami tsoho irina a bakin gona ka tambaye shi ta wa ce. Amsar da ya ba ka ita nake son ji, ba abin da ke cikin littafi ba.

Yanzu ga abin da ya faru bayan tafiyarka.

Mun gama ɗaure gero. Innarka ta ware dami mafi kyau kamar kullum, ta sa aka jingine shi kusa da keke. Na daɗe ina kallonsa. Sai na ce a kai shi rumbu. Ta ce, Malam, na gidan Alhaji ne. Na ce na san ko na wane ne, a kai rumbu.

Ba a jima ba sai ga Injiniya da kansa, ya ajiye mota a bakin hanya ya tako da ƙafa. Yaron nan ya fi ubansa iya ladabi. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya tambayi gwiwata, ya tambayi Innarka, ya ce ya ji daɗin labarin karatunka, abin alfaharin gari ne. Sannan ya ce, "Baba, an ce bana ba a ga saƙo ba. Na ce ƙila mantuwa ce."

Na ce ba mantuwa ba ce.

Ya yi murmushi ya ce shi dami ɗaya ba zai ƙara masa komai ba, al'ada ce kawai ta iyaye. Ya ce in ma ina so a yafe na bana, a yafe. Abin da yake roƙo, in ja kunnenka ka kula da karatunka, rubuce-rubucen yara ba ya haifar da alheri, kuma shi ba ya son abin da zai taɓa zaman da ke tsakanin gidajenmu.

Na ce masa, "Ɗan nan, gonar Audu ce. Daga tudu har rafi. Gaisuwa na kai wa ubanka, kuma na gama gaisuwa."

Bai ɗaga murya ba. Ya sa takalminsa a hankali, ya ce to Baba, in haka ne, in damina ta zo kada a sa fartanya a gonar, za su buƙace ta. Ya yi mini sallama ya tafi.

Innarka ta ji komai daga bayan zana. Ta fito ta ce, "Malam, da tsufanmu? Me za mu ci?" Na ce abin da ke rumbu zai kai mu damina. Ta ce bayan damina fa? Tun ranar ajiye mini tuwo take yi ta juya. Tana da gaskiya. Ban yi shawara da ita ba, don na san in na yi za ta rinjaye ni, kamar yadda tsoron yunwarku ya rinjaye ni duk shekarun nan. In ka kira, ka fara da ita, ka lallashe ta. Ni ban iya ba.

Kada ka ɗauka don kai na yi, har ka ɗora wa kanka. Kuma kada ka kuskura ka bar karatu ka dawo, in ka yi haka ban yafe ba. Na yi ne don na gaji da a riƙe ni da gonar ubana kamar akuya da igiya, yau kuma a ce za a ɗaure ɗana da ita. Iyayen likitan nan ban san ko an tambaye su kafin a kore su ba. Ni dai na tambayi kaina, na kuma amsa.

Ga abin da zai faru. Ranar da ruwan shuka ya sauka zan ɗauki sungumina da ƙwaryar iri in shiga gonar da rana tsaka, kowa yana gani. Ba zan riƙe ko sanda ba. Ba zan zagi kowa ba, na yi wa yayarka wannan alkawari, ta sa na maimaita. Ba zan kira ɗan kowa ya raka ni ba, amma na je gidan Tanko na gai da 'ya'yansa, karo na farko tun rasuwarsa, na gaya musu ranar da zan shiga. In sun ga dama su tsaya a iyakarsu su kalla. Ko a bar ni in yi shuka, ko a fitar da ni a ɗauke. Ba na sa ran za a dawo mini da fadama. Na ji yadda labarin da ka ba ni ya ƙare, na kuma san yadda nawa ya saba ƙarewa.

Duk abin da aka yi mini, yayarka za ta gaya maka a waya. Shi za ka rubuta. Da Hausa, ba ƙari ba ragi, kuma kada ka ce wani dattijo a wani ƙauye. Ka ce Idi ɗan Audu na Unguwar Marke. Ka faɗi maganar damin ma, kada ka rufa mini asiri, akwai masu ɗora nasu a keke yanzu haka. Kuma ko sau ɗaya kada in ji an ce ka roƙa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa ka sauka a hannun mutanen kirki. Allah Ya kare ka daga ciwon ƙasar da ba ka saba ba, da sharrin baki, da sharrin naka harshen. Allah Ya buɗe maka karatu, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. In ka tarar da ni, alhamdu lillahi. In ba ka tarar ba, na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini tashin da na yi na bar ka a gindin marke. Ka riƙe Innarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idi Audu, Unguwar Marke, ƙasar Roni.